Amsa ga Hajiya kan masu gwajin ido a unguwa

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na ji saƙonki tun safe, yanzu na sauko daga aiki ne. Kin ce yaran nan ma'aikatan lafiya da ke zagawa Aboabo da Asawase a nan Kumasi da takardar gwajin ido, horon 'yan kwanaki kawai aka yi musu, ta yaya za a ba su idon mutum. Gaskiyarki, ido ba abin wasa ba ne. Amma fa ba magani aka koya musu ba. Tantancewa ce: wa zai koma gida, wa zai je asibiti, wa kuma zai tafi yau ɗin nan.

Takardar nan mai harafin E, za su tsayar da ke mita 6, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, kar ki danna, ki nuna da yatsa inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Ba sai kin yi boko ba. Wanda ya kasa layin da aka ƙayyade, takardar zuwa asibiti za su rubuta masa. Sai su haska tocila. In sun ga fari a tsakiyar ƙwayar idon yaro, ko jariri idonsa na zubar da mugunya, ko ido ya ji rauni, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, wannan ba jira, babban asibitin Komfo Anokye kai tsaye.

Binciken da aka yi a Ghana a 2015 ya nuna fiye da rabin makantar ƙasar nan yanar ido ce. Kuma aiki ake yi a cire ta, yana ma cikin abin da katin inshorar lafiya na NHIS ke ɗauka. Tsofaffinmu nawa ke zaune a ɗaki ana cewa tsufa ne? Wasu kuma a kai su wurin masu soke yana da tsinke, idon ya lalace ɗungum. Likitocin ido ba su da yawa, ba za su bi gida-gida ba. Yarinyar da ta san lungu, ta iya gaisuwa, ita za ta shiga har ɗakin kaka. Haka aka yi da amosanin ido a arewa, 'yan sa-kai da nas-nas suka bi ƙauyuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tabbatar a 2018 Ghana ta shawo kansa.

Abu ɗaya, don Allah ku riƙe. Wai ka karanta layin ƙasa ba ya nufin ba ka da gilakoma, hawan jinin ido. Daga gefe take cin gani, ba ciwo, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Takardar ba ta kama ta da wuri. Wanda ya haura 40, ko akwai ta a danginsu, ko mai ciwon suga, ya je a auna matsin da ke cikin idon a duba bayansa, ko me gwajin unguwa ya nuna.

Sannan lokacin apolo, a daina ɗiga nono ko ruwan suga, a daina sayen maganin ɗigawa ba takardar likita. Wasu magungunan na ɗauke da sinadarin sitiroyid, shi kansa yana jawo gilakomar.

In sun zo, Hajiya, ki sa Baba ya fito da tabaransa, da shi za a gwada. Ku duba katin NHIS ɗin ma ko ya ƙare. Sai an jima.