Tambaya da Amsa: Yadda Sankarar Maƙogwaro Ke Ɓuya wa Garkuwar Jiki

Tambaya: Yayana bai taɓa shan taba ba, amma wata kaluluwa ta fito masa a wuya, ta yi wata uku ba ta sace ba. Da aka yi gwaji, likita ya ce sankarar maƙogwaro ce, kuma ƙwayar cutar HPV ce sanadi. Tunda ƙwayar cuta ce, me ya hana garkuwar jikinsa ta kashe ta kamar yadda take kashe ta mura?
Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya ba yayanka lafiya. A gaskiya garkuwar jiki tana kawar da HPV daga jikin yawancin waɗanda suka kamu da ita cikin shekara ɗaya ko biyu, ba tare da sun ma sani ba. Matsalar tana tasowa ne a wurin 'yan kaɗan da ƙwayar ta samu wurin zama a jikinsu, musamman nau'in HPV16, wanda shi ne ya fi haddasa irin wannan sankara.

Kusan kowane tantani, wato ƙwayar halittar da ire-irenta suka haɗu suka gina jiki, yana ɗauke da wata alama a bayansa, wadda likitoci ke kira MHC, da ita yake nuna wa dakarun garkuwa abin da ke cikinsa, kamar yadda matafiyi ke buɗe jakarsa a shingen bincike. Ƙwayar HPV tana ƙera wani furotin mai suna E5 da ke riƙe wannan alama a cikin tantanin, ya hana ta fitowa, sai dakarun su wuce ba su ga baƙon da ke ciki ba. Wani furotin ɗin, E7, yana danne hanyar da tantani ke bi ya yi kururuwar neman agaji, sannan ya kwance birkin da ke hana shi yawan hayayyafa. Shi kuwa furotin E6 yana lalata wani furotin na jiki mai suna p53, wanda aikinsa shi ne ya sa tantanin da ya lalace ya kashe kansa. Tantanin da ba a gani, ba ya ihu, kuma ba ya mutuwa, da shekaru suka tura sai ya zama sankara.

Wurin ma yana taimaka wa ƙwayar. Tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil suna da ramuka masu zurfi, kuma tantanin da ke cikin ramukan suna fitar da furotin PD-L1, mai kwantar da dakarun garkuwa don kada su riƙa far wa duk abin da mutum ya haɗiya. Sankarar tana fakewa da wannan sassauci, shi ya sa magunguna irin su pembrolizumab da nivolumab, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2016 don sankarar kai da wuya, aikinsu shi ne toshe wannan hanya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ɓuyan bai cika ba, domin furotin ɗin ƙwayar baƙo ne a jiki, garkuwa tana iya gane shi, kuma sankarar da HPV ta haddasa ta fi wadda taba da giya suka haddasa jin gashi (wato ƙona sankara da wani haske na musamman a asibiti) da magani. Saboda haka ka tsaya wa yayanka ya kammala gashin da aka tsara masa, ko da haɗiya ta yi masa wuya a tsakiyar jinya. Allurar riga-kafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 ba za ta warkar da shi ba, amma idan yana da 'ya'ya mata a wannan shekarun, a kai su a yi musu.