Amsa: Transmita ta ƙi jin umarni daga sutudiyo

Wa alaikumus salam Injiniya. Da na karanta cewa transmitarku, wato na'urar watsa shirye-shiryen tasharku, tana tashi idan an danna maɓallin da ke gabanta, amma daga sutudiyo ko motsi ba ta yi, sai da gabana ya faɗi, don irin wannan ce ta kusa raba ni da aikina.

Cikin azumi ta same ni, ga damina ta sauka. An kwana ana ruwa da tsawa, washegari saura kaɗan a sa tafsiri muka danna rimot, shiru. Na ruga ɗakin transmita na danna ta gaba, nan ma shiru, sai fitilar intalok, wato zagayen kariya da ke hana na'urar tashi in ya katse, ja wur. Ɗan kwangilar da ya haɗa mana bai bar littafin na'urar ba, bai bar zane ba, wayoyin da ya liƙa a DB-25 ɗin baya, wato soket mai fin 25, kuma duk kala ɗaya. Na kira shi har na gaji, ya ƙi ɗauka. Manaja ya tsaya a kaina, a gaban yaran da ni na koya musu riƙe mitar gwajin wuta, ya ce ban san aikina ba. Da azumi a bakina nake bin fin ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa. Sai bayan isha'i na gano ɗan kwangilar nan ya bi da zagayen intalok ta cikin doguwar wayar da ta tafi sutudiyo, tsawa ta cinye ta. Da ya zo bayan kwana uku, cewa ya yi ni na taɓa, aka kuma biya shi kuɗin gyara. Har yau abin yana min ciwo.

Taka tunda tana tashi ta gaba, intalok ɗinka lafiya yake. Fara duba ko wani ya bar ta a lokal, wato tsarin da sai ta gabanta kaɗai ake sarrafa ta, domin da yawansu in suna lokal ba sa sauraron komai daga baya. Sannan don Allah kada ka ga soket mai fin 9 ka ɗauka RS-232 ne, wato hanyar aika saƙo tsakanin kwamfuta da na'ura, ka cusa wayar kwamfuta. Wani na rile ne, wato makunnin da lantarki ke motsawa, wani yana ɗauke da wuta, sai ka ƙona allon cikin na'urar a banza. Nemi littafin ka ga jerin fin ɗin. In RS-232 ne da gaske, 2 da 3 ne na saƙo, 5 na ƙasa, wato giraun, kuma wata sai an juya 2 da 3 take magana. Saurin aika saƙo (baud) ma ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, galibi 9600.

Nawa ne nisan sutudiyonku? RS-232 ba ya son wuce mita 15, ɗan'uwansa RS-485 yana kai mita 1200, wayar netwok mai kan RJ45 kuma mita 100. Ni dai tun ranar nan ban ƙara yarda tagulla ta haɗa gini biyu ba, faiba muka sa, wato wayar gilas mai aika saƙo da haske, don tsawa ba ta bin ta. Ka leƙa wayar ƙasa ta hasumiya ma, ɓarayi suna yanke ta ba wanda ya sani.

Af, wasu transmitocin taɓawa ɗaya suke so a fin ɗin kunnawa a saki, wasu sai an riƙe. Ka cire doguwar wayar ka gwada a nan bayan na'urar, bisa littafin. In ta tashi, laifin waya ne. Turo hoton bayanta da lambar samfurin mu duba tare.