Muryar WhatsApp: Kansas City Chiefs a 1989, shekarar da ɗan Enugu ya ɗauke su a kafaɗa

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da warhaka. Ƙanina, na ga tambayar da ka jefo jiya da daddare, ka ce wai su Kansas City Chiefs ɗin nan, ƙungiyar ƙwallon Amurka da Patrick Mahomes yake ta ci musu kofi, dama can manya ne tun asali ko kuwa yanzu suka taso, sannan ka ce ka ji ana cewa wani ɗan Najeriya ya taɓa buga musu, shin gaskiya ne. To abin ba zai yiwu a rubuce ba, shi ya sa na ce bari in yi murya, ku ɗan yi haƙuri da ni zai ɗan yi tsawo.

Gaskiya ne, sunansa Christian Okoye, haifaffen Enugu ne a 1961, kuma in kana son ka gane tarihin ƙungiyar nan to kakar 1989 za ka duba, ni dai a wurina nan ne aka kafa tubalin duk abin da kuke gani yanzu. Domin kafin nan wallahi Chiefs a ƙasa suke warwas. Sun ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, a Janairun 1970, suka doke Minnesota Vikings 23 da 7, daga nan kuma shiru kake ji, tun daga 1972 har ƙarshen shekarun 1980 sau ɗaya tak suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a 1986. A 1988 wasa 4 kawai suka ci, aka doke su 11, suka yi canjaras 1. Filinsu Arrowhead ƙaton fili ne amma kujeru fayau, mutane sun gaji sun daina zuwa. Sai mai ƙungiyar, Lamar Hunt, ya ɗauko Carl Peterson ya damƙa masa ragamar gudanarwa, shi kuma ya ɗauko koci Marty Schottenheimer wanda ya baro Cleveland Browns.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba su san wasan ba bayani a gurguje. Ana ba ku dama huɗu ku matsa da ƙwallo yadi 10, in kun yi a sake ba ku huɗu, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ko dai kwatabak, wato jagoran masu kai hari, ya jefa wa wani ya cafe, ko kuma ya miƙa wa wani ya rungume ta ya kutsa cikin ƙattai da gudu. To shi Schottenheimer mutumin wannan ta biyun ne, ba ya son kasada, a rungume ƙwallo a yi ta tura mutane baya, a cinye lokaci, sannan masu tsaron baya su hana kowa sakat. Sai ya zo ya tarar da mutumin da kamar don wannan salon aka halicce shi.

Shi Okoye fa ba da wasan ya taso ba, abin da ke burge ni kenan. Ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle ne, jifan faifai ne fanninsa, ya je Amurka a 1982 jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya, burinsa ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles amma ba a saka shi a tawagar ba, daga nan ne ya juya ya fara ƙwallon Amurka yana da shekara 23, shekarun da wasu sun riga sun gama jami'a sun shiga NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wasan. Shekara uku kacal bayan haka, 1987, Chiefs suka zaɓe shi a zagaye na biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa. Mutum ne mai nauyin sama da kilo 110 amma yana gudu kamar ba shi ne da jikin ba, in ka kalli tsofaffin bidiyon za ka ga ya sunkuyar da kafaɗa, lamba 35 a bayansa, mutum biyu uku sun rataye a jikinsa yana jan su yana ƙara yadi, shi ya sa suka laƙaba masa Nigerian Nightmare, wato mugun mafarki daga Najeriya.

To a 1989 ɗin, sau 370 aka miƙa masa ƙwallo, ya yi yadi 1,480, ya shiga gidan abokan karawa sau 12, shi ne na ɗaya a gudu da ƙwallo a duk NFL gaba ɗaya. Ku tsaya ku yi tunani a kan 370 ɗin nan, kowace ɗaya fa karo ne da ƙattai, yawanci sai an kayar da kai an danne ka, ka tashi ka koma layi, kuma kowa a filin ya san shi za a ba, masu tsaron baya sun sani, 'yan kallo sun sani, amma a hana shi ya gagara. Akwai kuma wani abu da ya kamata in faɗa don adalci, wanda ya zo na biyu Barry Sanders ne na Detroit Lions, shekararsa ta farko kenan, ya yi yadi 1,470, tazarar yadi 10 kawai, kuma shi sau 280 ya ɗauki ƙwallo. A wasansu na ƙarshe da Atlanta an nemi ya koma fili ya cike gurbin ya ce a bari, tunda an riga an ci wasa. Wannan halin dattako ne kuma ina girmama shi a kai, amma hakan bai rage wa Okoye komai ba, shi ma wasa 15 ya buga cikin 16.

Kada kuma ku ɗauka shi kaɗai ne. A shekarar ne suka zaɓo Derrick Thomas daga jami'ar Alabama, na huɗu a zaɓen gaba ɗaya, aikinsa ya farauto kwatabak ya kayar da shi kafin ya jefa ƙwallo, ya yi haka sau 10 a kakar, aka ba shi gwarzon sabon ɗan wasan tsaron baya. Ga Neil Smith da suka ɗauka a 1988. Kuma ku ji waɗanda ke horar da bayan, Bill Cowher da Tony Dungy, dukkansu biyun daga baya sun zama manyan kociyoyi sun ci Super Bowl, Cowher da Pittsburgh, Dungy da Indianapolis. Kwatabak ɗinsu kuwa Steve DeBerg ne, tsohon hannu wanda ya zagaya ƙungiyoyi, ba tauraro ba ne amma ya san aiki.

Kakar ba ta fara da daɗi ba, an yi ta ci ana faɗuwa. Wasan da ya fi tsaya min a rai shi ne na Nuwamba da suka je Cleveland, tsohon gidan kocin, aka tashi 10 da 10 har bayan ƙarin lokaci, Nick Lowery mai bugun ƙafa, wanda yana cikin ƙwararrun zamaninsa, ya samu damar raba gardama ya ɓarar. Bayan wannan ne suka farka, suka lallasa Houston Oilers 34 da nema, suka ci huɗu cikin biyar na ƙarshe, suka gama da nasara 8, rashin nasara 7, canjaras 1, na biyu a rukuninsu bayan Denver Broncos. Ba su haye zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, don a lokacin ƙungiya biyar ce kawai ke hayewa daga kowane ɓangare, masu nasara 9 suka ɗauke guraben. Wani zai ce to me aka yi kenan tunda ba kofi, ni kuma ina ganin ƙungiyar da ta ci 4 bara ta dawo ta ci 8 bana, mutanen gari suka fara dawowa fili, ai an yi aiki.

Shekara mai zuwa, 1990, suka ci 11 suka haye, a nan ne Derrick Thomas ya kayar da kwatabak ɗin Seattle sau 7 a wasa ɗaya, duk da Miami ta fitar da su 17 da 16. Daga nan kusan duk shekarun 1990 suna cikin masu hayewa, har Joe Montana ya zo ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a Janairun 1994 Buffalo ta tsayar da su. Schottenheimer bai kai su Super Bowl ba har ya tafi bayan kakar 1998, sai a Fabrairun 2020 Mahomes ya kawo kofin, shekara 50 bayan na farko. Shi Okoye jikinsa bai daɗe ba, gwiwa ta dame shi, kakar 1992 ce ta ƙarshe a gare shi, ya tashi da yadi 4,897, kuma irin wannan salon dama haka yake cinye mutum da wuri.

Ƙanina, ka shiga YouTube ka rubuta sunansa da 1989, ka fara da nan tukuna, in ka gama ka dawo mu yi maganar Derrick Thomas don shi ma nasa labarin zama guda ne. Na gode, a huta lafiya.