Dandali, dandamali da fage: ina bambancinsu?

Wata malamar sakandare ta rubuto tana cewa ɗalibanta na cuɗa dandali da dandamali da fage idan ana darasin wasan kwaikwayo, har ma da kashi da fitowa. Tana neman a warware mata su.

Malama, dandali fili ne a cikin gari ko unguwa inda jama'a ke taruwa, kamar wanda 'yan mata ke gaɗa a cikinsa da dare. Wurin na nan ko ana wasa ko ba a yi. Fage kuwa aiki ne ke haifar da shi: a share ƙasa, 'yan kallo su kewaye, 'yan dambe ko 'yan kokawa su shiga tsakiya. Daga nan muka samu "share fage" da "fagen fama". Dandamali shi ne wurin da aka ɗaga sama da ƙasa, da laka ko katako ko siminti, 'yan kallo na fuskantarsa ta gefe guda.

Wannan bambanci yana da tasiri ga mai shirya wasa. A kan dandamali ɗan wasa ba ya juya wa 'yan kallo baya yana magana, domin muryarsa za ta tafi bango, fuskarsa ta ɓace. A fage ko ina ya juya akwai wanda ya ba baya, don haka sai ya riƙa zagayawa, kuma ba a kafa dogon allo ko labule a tsakiya, saboda zai tare wa rabin jama'a gani. Yaran da aka horar a dandamalin makaranta, in aka kai su fage ba a sake tsara tsayuwarsu ba, nan da nan na baya za su fara kukan ba sa ji. A ganina wasanninmu sun fi sakewa a fage, tunda tashe da kalankuwa a ƙasa suka tashi. Gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka gina da laka a shekarun 1970, da tsarin gidan Bahaushe aka yi shi, ɗakuna na kewaye da tsakar gida.

Kashi babban yanki ne na wasa, fitowa kuma ƙaramin yanki a cikinsa. Ana sabuwar fitowa idan wuri ko lokaci ya sauya, misali daga zauren mai unguwa zuwa kasuwa. Ki ja kunnen ɗalibai kada su ƙirga kowace shigowar ɗan wasa a matsayin fitowa: mutum biyar na iya shiga su fita alhali fitowar ɗaya ce.