Amsa ga mai tambayar kusurwoyin da suka dusashe a hoto

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan. Ka ce ka ɗauki hoton gini mai zankwaye da dagi a bango, kusurwoyin sun fito a dusashe, da ka ƙara musu kaifi kuma farin layi ya zagaye kowane gefe. Wallahi farin layin nan ya taɓa jawo mini asara da wulaƙanci.

Wani kwastoma ne ya turo mini hoton gidansu na gado ta WhatsApp, yana son banna mai faɗin mita 3. Na ce ya kawo asalin hoton, ya ce sauri yake. Na zuba wa hoton kaifi gaba ɗayansa, a allo na ga ya yi kyau, na kai aka buga. Da muka warware bannar a ƙofar shago, kowane zanko na sanye da farin rawani, sararin sama duk ƙananan murabba'ai kamar tabarma. Mutumin nan ya tsaya gaban yarana yana ɗaga murya, wai ban san aikina ba. Ya ƙi biyan ciko, ya bar mini bannar. Har yau bai yarda hotonsa ne matsalar ba, kuma har yau abin na ci mini rai. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Daga baya na gane. JPEG, wato tsarin ajiye hoto da ke rage masa nauyi, yana matse hoto ne a akwatuna masu piksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 8 sau 8, ni kuma na kaifafa bakin akwatunan tare da bakin ginin. Filta, wato abin da manhaja ke gyara hoto da shi, ba ta san gini ba, bambancin haske tsakanin piksel da maƙwabcinsa kawai take aunawa. Irin ta Sobel, da aka fito da ita tun 1968, tana duba piksel 3 sau 3, ta auna canji daga hagu zuwa dama, ta auna daga sama zuwa ƙasa, ta haɗa. Inda bango yake sumul sai ta ba ka baƙi, inda gefe ko kusurwa take sai ta ba ka fari.

To wannan zanen baƙi da fari da Sobel ke bayarwa shi ne maganinka. Ka kwafi leya, wato shimfiɗar hoton a cikin manhaja, ka ɗan dusasar da ita don ɗige-ɗigen datti su kwanta, ka saka mata Sobel a manhajar gyaran hoto ta GIMP. In manhajar Photoshop ce, ka yi amfani da filtar Find Edges, amma sai ka juya launin don shi baƙin layi yake bayarwa. Ka mayar da ita marufi (mask, farinsa na bayyanawa, baƙinsa na ɓoyewa) a kan leyar da ka kaifafa, kaifin ya tsaya a kusurwa, ya ƙyale sama. Faɗin kaifin kada ya wuce piksel 1 ko 2, yawansa ne ke haifar da farin layin. Kuma don Allah ka duba hoton a cikakken girmansa, wato kashi 100, ƙaramin allo ya yaudare ni.

Ka daina ɗaukar dagi da tsakar rana ko cikin hazon hunturu. Bayan la'asar haske na zuwa ta gefe, inuwa ta fito da sassaƙar da kanta. Ka riƙa karɓar kuɗinka kafin bugu, ka fara buga ɗan yanki kwastoma ya gani da idonsa.

Turo mini asalin hoton a matsayin fayil, ka faɗa mini girman da za a buga, in duba maka da daddare in sha Allah.