Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan canza suna lokacin karɓar takardar zama ɗan Amurka

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce za ka cike fom N-400 na neman zama ɗan Amurka, kana so ka cire sunan garinku da aka liƙa maka a matsayin sunan mahaifi, amma kana tsoron kada hakan ya ja maka jinkiri ko ya sa a zarge ka. Ni ma ta nan na bi a 2019, kuma matsalarmu iri ɗaya ce.

Hedimastanmu na firamare ne ya rubuta sunan garinmu a bayan sunana, saboda mu huɗu ne masu suna ɗaya a aji. Ka san abin ba baƙo ba ne a wajenmu, ga Aminu Kano, ga Shehu Shagari. To haka sunan ya bi ni har sakandare, ya hau fasfo, ya hau biza, ya hau girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka. Sai da aka haifa mini yara a nan na ga an rubuta musu sunan gari a gurbin sunan kakansu, abin ya tsaya mini a rai.

Batun zargi, cire shi daga ranka. Fom ɗin da kansa yake tambaya ko kana son canza suna, ga gurbin da za ka rubuta sabon. Ba a ƙara maka ko sisi a kan kuɗin fom. Ni na biya dala 725 a lokacin, daga Afrilun 2024 kuwa ya koma 760 ga mai cikewa a takarda, 710 ga mai cikewa ta intanet. Ranar intabiyu ma'aikaciyar USCIS, wato hukumar da ke kula da ba da takardar zama ɗan ƙasa, ta karanto mini sunan harafi bayan harafi, ta ce haka kake so? Na ce haka ne. Na sa hannu, shi ke nan. Ko dalili ba ta tambaye ni ba. Wanda ya manta bai cike gurbin ba ma yana iya faɗa a ranar intabiyun.

Jinkiri kam akwai shi. Hukumar USCIS ba ta da ikon canza wa kowa suna, alƙali ne kawai yake da shi. Saboda haka dole rantsuwarka ta zama ɗan ƙasa ta kasance a gaban alƙali, ba irin wadda ma'aikatan hukumar suke bayarwa a ofishinsu ba. Wani abokina ɗan Nijar da muka yi intabiyu mako guda, shi da bai nemi canza suna ba, ya yi rantsuwa cikin 'yan kwanaki, ni sai da na jira kusan wata biyu kafin kotu ta sa rana. Kuma ba kowane gari ake yin zaman kotun akai-akai ba, wasu ofisoshin ma kai tsaye za su ce maka ka je kotun jiha ka yi da kanka. Ka tambayi jami'in da ya yi maka intabiyu yadda ake yi a yankinku. Idan kana da tafiya a gaba, misali aikin Hajji ko bikin gida, ka sa wannan a lissafi.

Ranar rantsuwa za su karɓe girin kad ɗinka, su ba ka takardar zama ɗan ƙasa da sabon suna, haɗe da wata takarda, N-662, mai ɗauke da amincewar kotu. Wannan ta biyun kada ka raina ta don ba ta da ado. Ita kaɗai ce ke haɗa tsohon sunanka da sabo. Kuma kada ka fita daga zauren sai ka karanta sunan da kyau. Murna tana rufe ido, gyara daga baya kuwa sai fom N-565 da jira mai tsawo. Daga nan sai ka bi ka gyara sunan a ofishin Social Security, masu ba da lambar da ake aiki da biyan haraji da ita, sai lasin tuƙi, sai fasfo da fom DS-11, sai banki da wurin aiki. Wannan duk zirga-zirga ce kawai, babu mai wahalar da kai muddin N-662 na hannunka.

Inda na sha wuya gida ne, kuma shi ne abin da babu wanda ya gaya mini. Na ɗauka na gama, ashe fasfona na Najeriya yana nan da tsohon suna. Na yanki tikiti da sunan da ke fasfon Amurka, tunda da shi doka ta ce in fita in dawo. Da na sauka na miƙa koren fasfo, jami'in ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya ce Alhaji, wane ne kai a cikin mutum biyun nan? Allah ya taimake ni kwafin takardar kotun yana cikin jakar hannuna. Duk da haka sai da na yi zaman benci har kayan jirginmu suka ƙare a kan bel, ƙanena na waje yana ta kira.

A zuwan nan na yi rantsuwar canza suna a babbar kotu, na buga a jarida, na gyara NIN, sannan aka sabunta fasfon, don ba sa yarda fasfo ya saɓa da abin da ke kan NIN. Banki ma sai da na koma saboda BVN. Takardar filina har yau da tsohon sunan take, na dai haɗa ta da kwafin rantsuwar na ajiye, saboda magada. Hutun wata guda ne, rabinsa a layi ya tafi.

Wani abu kuma: hukuncin alƙalin kai kaɗai ya shafa. Sunan yarana bai canza da nawa ba, sai da na shigar da nasu daban a kotun jiha, na biya. Idan kuwa maiɗakinka ce take son ɗaukar sunanka, takardar aure ta ishe ta, ba sai an je gaban alƙali ba, ko da yake ni ban ga dalilin da mace za ta bar sunan mahaifinta ba.

Shawarata, ka yi, tunda sunan mahaifinka kake son dawowa da shi, kuma ba za ka sake samun hanya mai arha irin wannan ba. Amma kafin ka aika fom ɗin, zauna ka tsayar da rubutu ɗaya: Muhammad ne, Mohammed ne, ko Muhammadu. Ka duba wanda ya fi yawa a takardunka na gida ka bi shi, kada ka ƙirƙiro na huɗu. Sannan ka yi kwafin N-662 kamar biyar, ɗaya ya zauna cikin fasfonka duk inda za ka. Wace jiha kake? Idan kusa muke, kira ni mu duba fom ɗin tare kafin ka tura.