Wace na'urar ba da wuta ce za ta dace da babban allon kwamfutata?

Ka tambaya ko duk na'urar ba da wuta (power supply) da ka samu a kasuwa za ta yi aiki da babban allon da ka saya, wato motherboard, wanda ake jona sauran sassan kwamfuta a kansa. Amsar ita ce ba kowace ba, kuma mahaɗin waya ya kamata ka fara dubawa kafin ƙarfin wat.

Allon da ke bin tsarin ATX, wato tsarin gama-gari na allunan kwamfutar tebur, yana karɓar babban mahaɗi mai fil 24, sannan akwai wani mai fil 4 ko 8 kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan mai fil 8 yana kama da na katin hoto (graphics card, mai sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa), wanda ke rabuwa 6 da 2, amma jerin wayoyinsu ya bambanta, don haka kada ka tura ɗaya da ƙarfi a gurbin ɗaya. Idan kuwa daga kwamfutar ofis ta Dell ko HP aka ciro allon, da yawansu mahaɗin kamfaninsu suke amfani da shi, wanda na'urar ATX ba za ta shiga ba sai da waya ta musamman.

Game da ƙarfi, wat 400 ya wadatar idan babu katin hoto na daban. Idan akwai, ka bi adadin da kamfanin katin ya ayyana, ka kuma fifita na'ura mai shaidar 80 Plus, wato shaidar cewa ba ta ɓarnatar da wuta da yawa.

Tsohuwar na'ura 'yar gwanjo daga Amurka takan zo da jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, wato ƙarfin wutar (volt) da za ta karɓa. Ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona ta da wutar Najeriya ko Nijar, in ba haka ba za ta ƙone nan take.